Matsirga, Yankari, Mole ko Zanzibar: ina ɗan Kaduna zai kai kuɗin hutunsa?

Idan ka kwashi adashi ko ka ɗan tara wani abu, kuma ranka ya ƙwallafa a kan ka bar hayaniyar Kaduna ka je ka ga daji da ruwa da dutse da namun dawa, to wurare huɗu ne na ga mutanenmu sun fi kai-komo a kansu. Akwai kudancin jiharmu, wato Matsirga da duwatsun Kagoro da Nok. Akwai Yankari a Bauchi. Akwai gandun dajin Mole a arewacin Ghana. Sai Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, wadda hotunanta a Instagram suka hana amare barci. Kowanne da irin mutumin da ya dace da shi, kuma ni dai ba na cikin masu cewa wai wanda ya fi nisa shi ya fi daɗi.

Irin yawon da nake magana a kai, wato yawon muhalli, shi ne wanda za ka je ka ga halittar Allah ba tare da ka ɓata ta ba, kuma mutanen da ke zaune a gefen wurin su amfana da zuwanka. Wannan kashi na biyun shi ake yawan mantawa, alhali shi ne ƙashin bayan abin. Manomin da giwa ta tattake masa gona ba zai so giwa ba don an yi masa lacca, zai haƙura da ita ne idan ɗansa na samun aikin rakiyar baƙi, matarsa na sayar musu da abinci, ƙanensa na ɗaukarsu a babur. Idan kuwa kuɗin baƙi duk a babban otal da kamfanin jirgi yake ƙarewa, to tarko da gatari da buhun gawayi su ne za su ciyar da gidan, dajin kuma ya tafi.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta, duk wani lissafin tafiya da aka yi wata uku baya ya zama tarihi, don haka abin da zai amfane ka shi ne ka san inda kuɗin ke tafiya a kowace tafiya, da naira za ka biya ko da dala, sannan ka buga waya ka ji farashin ranar.

Na biyu sauƙin zuwa: hanya, takardu, kwana nawa za ka ɓata a mota kafin ka ga abin da ka je gani.

Na uku kasada. Ɗan Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Na huɗu, aljihun wa kuɗinka ke shiga. Nawa za ka iya biya hannu da hannu ga mai rakiya, mai abinci, mai masauki, mai kwale-kwale?

Na biyar ɗorewa, wato wurin yana da mai kula da shi kuwa, idan ka ba wani labari ya je bayan shekara biyar zai tarar da abin da ka gani?

Kudancin Kaduna: Matsirga, Kagoro da Nok

Wannan shi ne na ƙofar gida, kuma abin kunya da yawanmu mun san Dubai a waya amma ba mu taɓa taka Kafanchan ba. Mota ake shiga a garejin Television, a bi ta Kachia da Zonkwa, cikin rabin wuni ka isa idan hanya ta yi kyau. Ruwan Matsirga yana nan kusa da Kafanchan, daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro yake tasowa ya zo ya faɗo daga tsayin kusan mita 30, kuma idan kana son ka gan shi da ƙarfinsa ƙarshen damina za ka je, wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ko'ina kore shar. Da rani yana raguwa sosai. Dutsen Kagoro kuma na masu ƙarfin gwiwa ne, hawa ne na gaske, kuma ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a garin. Nok tana ƙaramar hukumar Jaba, can ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, abin da ya sa sunan ƙauyen ya shiga littattafan tarihi na duniya. Amma kar ka je da tunanin za ka tarar da katafaren gidan tarihi, gara ma ka fara leƙa gidan tarihi na kan titin Ali Akilu a nan cikin gari kafin ka tafi don ka san abin da kake nema.

Kuɗi: shi ya fi kowanne araha nesa ba kusa ba. Kuɗin mota, kwana ɗaya ko biyu a ƙaramin masauki a Kafanchan, abinci, ɗan abin da za ka ba mai rakiya. Duk naira.

Inda ya fi sauran ukun kuwa shi ne ma'auni na huɗu. A nan babu wani babban kamfani tsakaninka da mutane, kusan kowace naira da ka fitar ɗan gari ne ya karɓa, mai acaɓa ne, mai gasa masara ne, matar da ke tuƙa tuwon acca ce, mai zuma ne, mai citta ne. Ga duk wanda ya san yadda cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta karya manoman Kachia da Jaba da Kagarko, ya san cewa cinikin baƙo ko kaɗan ne yana da daraja a wurin. Kuma harshe ba matsala ba ne, da Hausa za ka yi ciniki ka yi tambaya ka yi gaisuwa.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko rashin tsari: babu tabbacin banɗaki mai kyau, babu shinge a wurare masu santsi, babu mai ceto idan yaro ya zame, kuma ledar ruwa da robar lemo da 'yan fikinik ke bari tana ɓata wurin. Ta biyu tsaro. Yankin ya sha fama da rikici da satar mutane, kuma harin da aka kai gidan dutsen nan na Kajuru a watan Afrilun 2019, wanda aka kashe mutum biyu ciki har da wata Baturiyar Ingila ma'aikaciyar agaji, shi ya durƙusar da harkar baƙi a wannan hanyar na tsawon lokaci. Gidan dai wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980, kuma abin kallo ne, amma gini ne ba daji ba, ni ban sa shi a sahun yawon muhalli ba. Shawarata a nan: kar ka tafi sai kana da ɗan gari a waya wanda zai gaya maka halin da ake ciki a wannan makon, ka yi tafiyar rana, ka gaida mai unguwa ko dagaci kafin ka hau dutsen mutane.

Wani zai ce to Kamuku fa, ai ita ce gandun daji na ƙasa da ke jiharmu tun 1999. Haka ne, tana Birnin Gwari, kuma an yi sulhu a yankin a ƙarshen 2024 har kasuwar shanu ta dawo ci. Amma kasuwa ta buɗe daban, ka ɗauki iyali ka shiga tsakiyar daji yawo daban. Ni ba zan tura kowa ba tukuna.

Yankari

Idan namun dawa kake son gani ba tare da fasfo ba, nan ne. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin wurare ƙalilan da suka rage a Najeriya da ke da garken giwaye. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, ga tsuntsaye iri-iri. Zaki ma akwai ragowa amma kar ka yi wa yara alkawarin za su gani. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa ba a nan suke ba, suna Sumu, wani wurin daban a Bauchin, daga Namibiya aka kawo su.

Daga Kaduna wuni guda ne cur: Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, sannan ka kama hanyar Gombe ka ratse a Dindima ka nufi ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiya mai ɗan tsawo a cikin daji kafin sansanin Wikki. Wanda ba shi da mota sai ya yi shata daga Bauchi, kuma a nan ne kuɗin ke tashi, shi ya sa tafiyar ta fi daɗi ku haɗu ku shida ko takwas ku raba. Ka tashi da asuba, ko ka kwana a Bauchi, kar dare ya same ka a hanya.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suka ɗauka. Da damina ciyawa ta fi ka tsayi kuma ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya kankama, dole su gangaro kogin Gaji su sha, to nan ake ganinsu. Mutanen da ke zuwa hutun Agusta su dawo suna cewa babu komai a Yankari sai birai, yawanci lokacin ne suka kuskure. Biran kuwa, bika ne, kuma ɓarayi ne na ƙin ƙarawa, za su buɗe ƙofar da ba a kulle ba su ɗauke burodi a gabanka, ga gadu na yawo a sansanin ba ruwansa da kowa. Kar ka ba su abinci, masu ba su ne suka lalata su.

Abin da ba ya ba da kunya ko da ba ka ga giwa ba shi ne ruwan Wikki. Yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina. Ga mai iyali da ke son sutura, da sassafe ko bayan isha'i ya fi, ranakun hutu da rana cika yake da ɗalibai. Akwai kuma kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da can suka sassaƙa a jikin dutse.

Kuɗi: matsakaici, kuma naira. Kuɗin shiga, ɗaki, motar zagaya daji da mai rakiya, abinci, sai mai wanda shi ne babba. Ɗakunan hawa-hawa ne, ka tambayi maganar wuta da ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kafin ka biya, kar ka dogara da hoton da aka ɗauka shekara goma baya.

Inda Yankari ke da rauni a wurina shi ne ma'auni na huɗu. Da zarar ka wuce ƙofa kusan komai na hukuma ne, ɗaki da mota da gidan abinci, ƙauyukan da ke kewaye da dajin kuma, waɗanda su ne giwa ke shiga gonarsu, baƙo na wuce su ne da gilas a rufe. Wannan kana iya gyara shi da kanka. Direban shatarka ya zama ɗan yankin, ka tsaya a Dindima ko Mainamaji ka yi sayayya, ka ci masar Bauchi a wurin mai tuya ba a otal ba, ka yi wa mai rakiyarka ihsani mai kauri don shi ne ke kwana a daji yana fuskantar mafarauta. Idan aka kawo maka naman daji a gefen hanya kar ka saya, komai arha, don ba zai yiwu ka biya kuɗi ka kalli gwanki da safe ka ci ɗan'uwansa da yamma ba.

Ta fuskar ɗorewa akwai ɗan kwanciyar hankali, domin tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen sintirin masu gadin dajin, abin da ya rage kashe giwaye. Ta fuskar tsaro kuwa an samu hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri a 2025, don haka a nan ma sai ka kira sansanin ka ji kafin ka kama hanya.

Mole, arewacin Ghana

Wannan shi ne wanda mutanenmu ba su cika sani ba, kuma ni shi na fi yi wa kamfe. Mole ita ce gandun daji mafi girma a Ghana, ta ninka Yankari wajen sau biyu, tana ƙasar Gwanja kusa da Damongo, ƙasar da kakanninmu fatake suka riƙa zuwa da jakuna sayen goro. Har yau idan ka shiga zango a Tamale ko Kumasi ko Accra da Hausa za ka yi harkarka, ka karya da koko da ƙosai, ka ci tuwon zafi da rana, masallaci kuma ba sai ka nema ba.

Dajin irin namu ne, kaɗanya da ɗorawa da doka, dabbobin ma kusan irin na Yankari. Bambancin shi ne a Mole ana zagaya daji da ƙafa, da sassafe mai gadi ɗauke da bindiga zai ja ku ku gangara, kuma da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ganin giwa a bakin tafki abu ne da aka saba. Masaukin gwamnati na wurin a kan tudu yake, kana zaune kana hango tafkin da suke sha. Akwai wani masaukin na masu hannu da shuni, Zaina, wannan dala yake ci.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne yadda ƙauyuka suka shiga harkar. Larabanga na bakin ƙofar dajin, da tsohon masallacinta na ƙasa wanda ake cewa tun 1421 yake, kuma akwai ƙananan masaukai na 'yan gari da za ka kwana da arha ka shiga daji da safe. Mognori kuma ƙauye ne da ya tsara kansa don baƙi: su ɗauke ka a kwale-kwale a kogi, mata su nuna maka yadda ake man kaɗanya ka saya, mai son kwana a gidan mutane ya kwana. Babu wani abu a ciki da matan Giwa ko Soba ba su iya ba, tsarin ne kawai ya bambanta, an sa farashi, an san wanda zai karɓa, an san rabon gari. Duk matashin Kaduna da ke tunanin shiga sana'ar kai mutane yawo, wallahi ya je ya ga wannan ya fi masa bita goma. Gaskiya kuma a Larabanga za ka haɗu da samari masu naci, kowa na cewa shi ne mai rakiya ko yana tara wa makaranta kuɗi, ka tsaya ka tambayi wanda ke karɓar kuɗin ziyara a hukumance ka biya shi, sauran ka ba su haƙuri.

Takardu: babu biza, ƙasar ECOWAS ce, kana da kwana 90. Amma kana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Fasfo kuwa tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma 200,000, ka sa wannan a lissafi idan ku biyu ne ko da yara.

Wahalarta nisa. Mai kuɗi ya hau jirgin ƙasa a Rigasa ya sauka Idu, ya tashi daga Abuja zuwa Accra, ya sake hawa wani na awa ɗaya zuwa Tamale, sannan mota wajen awa uku. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Accra, sannan doguwar bas zuwa arewa, kwana uku a hanya ba abin mamaki ba ne, ga iyaka uku kowacce da nata ɓata lokacin. Kuɗin cikin dajin shi kansa bai kai abin tsoro ba, zuwan ne ke cin aljihu, kuma sidi, kuɗin Ghana, za ka canza, ba ta da arhar da mutane ke zato. Tsaro kuwa, cikin huɗun nan tana cikin biyun da za ka kwanta ba tare da kana sauraren ƙarar babura ba, sai dai ba ruwanka da matsawa can iyakar Burkina Faso.

Zanzibar

Ita daban ce, teku ce da farin yashi da kwakwa, kuma kusan duk mutanenta Musulmi ne, abinci halal, kiran salla ko'ina, mace da hijabinta ba wanda zai kalle ta. Tsohon garin, Stone Town, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ta ɓangaren muhalli akwai dajin Jozani inda ake ganin wani jan biri da babu irinsa a ko'ina sai can, akwai gonakin kayan ƙamshi inda za ka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, akwai manyan kunkuru a tsibirin Changuu, akwai matan Paje da Jambiani da ke noman ciyawar teku suna yin sabulu da ita.

Kuɗi: ta fi kowacce tsada, kuma kusan komai dala. Tikitin jirgi ta Addis Ababa ko Nairobi, otal, biza, sannan tun 1 ga Oktoban 2024 dole kowane baƙo ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44, ko da yana da wata. Bizar ma ga mai fasfon Najeriya ba ta sauka-ka-karɓa ba ce, muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni, don haka kar ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ka kuma kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne.

A ma'auni na huɗu ne nake da magana da ita. Yawancin tallan da ake turo mana na amarci, irin wanda ka biya sau ɗaya an haɗa maka jirgi da otal da ci da sha, kuɗin yana rabuwa ne tsakanin ejan da kamfanin jirgi da otal ɗin da sau da yawa mai shi ba ɗan tsibirin ba ne. Za ka kwana biyar a bayan katanga, ka yi iyo a tafkin otal alhali ƙauyen da ke bayan katangar layin ruwa suke yi, ka dawo ba ka sayi ko kofin shayi a hannun ɗan gari ba. Hutu ne, ban ce haramun ba ne, amma ba yawon muhalli ba ne ko da an rubuta hakan a jikin ƙofa. Kuma ana iya yin ta wata hanyar a kuɗin da bai kai wancan ba: ƙaramin masauki na iyali a Jambiani ko cikin tsohon gari, cin dare a filin Forodhani, hawa dala-dala wato motar hayarsu, mai rakiya mai lasisi ɗan gari, sabulu daga hannun matan da suka yi shi. Kuɗin shiga Jozani ma wani kaso nasa na komawa ƙauyukan da ke kewaye. Abu ɗaya da zan ce ka bari shi ne fita kallon dabbar tekun nan dolfin a Kizimkazi idan ka ga jiragen ruwa sun yi mata caa suna kora, wannan azabtarwa ce.

Haɗarinta ba na bindiga ba ne, na aljihu ne: ejan na bogi da zai karɓi kuɗi ya kashe waya, 'yan bakin teku masu tsawwala farashi, da dalar da za ta iya tashi tsakanin ranar da ka fara tari da ranar tafiya.

Ga su a jere

| Wuri | Kuɗi | Sauƙin zuwa | Kasada | Rabon ɗan gari | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kudancin Kaduna | Kaɗan, naira | Rabin wuni, ba takarda | Tsaro na canzawa, ba kayan ceto | Mafi yawa | Rauni, ba mai kula sosai |
| Yankari | Matsakaici, naira | Wuni guda, ba takarda | Doguwar hanya, a tambayi tsaro | Kaɗan sai ka yi niyya | Da dama-dama |
| Mole | Da ɗan yawa, sidi | Nisa, fasfo da katin shawara | Ƙasa-ƙasa, wahalar iyaka | Mai yawa, a tsare | Mai kyau |
| Zanzibar | Mafi yawa, dala | Biza da inshora da jirgi biyu | Damfara da canjin kuɗi | Ya danganta da masaukinka | Cunkoso na matsa mata |

Wa ya dace da wanne

Idan ku samari ne ko 'yan ajin ƙarshe da kuka haɗa kuɗi, kuna da kwana biyu da ƙafafu masu lafiya, ku tafi Matsirga da Kagoro a ƙarshen damina, da ɗan gari a gabanku da buhun kwashe shararku. Ba na ba da shawarar kai ƙananan yara bakin ruwan.

Mai gida da ke son yara su ga dabba ido da ido, kuma ba ya son maganar fasfo ɗin mutum shida, Yankari ce tasa, a hutun da ya faɗo cikin zafi, kwana biyu a Wikki ya isa, na uku yara sun fara gajiya. Tsofaffi ma ita ta fi musu don a mota ake zagayawa, Hajiya ba sai ta taka ba.

Wanda ya riga yana da fasfo, yana da mako guda, giwa yake son gani da gaske kuma yana son ya kwanta hankali kwance, ya tafi Mole. Haka mai niyyar buɗe sana'a a wannan fannin, ko masauki ne ko rakiya ko sayar da zuma da man kaɗanya ga baƙi, ya kwana a Larabanga ya wuni a Mognori da littafi a hannu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Kumasi da Accra ma, ƙara kwana uku ne kawai a kan tafiyar da dama za a yi.

Ango da amarya da Allah ya hore musu, kuma teku suke so ba daji ba, Zanzibar, amma a fara neman biza wata biyu ko uku kafin biki, a raba kwanakin, biyu a otal ɗin hoto idan amarya ta dage, sauran a ƙaramin masauki. Idan kuwa sai an ci bashi ko an taɓa kuɗin haya kafin a je, a yi Yankari bana, ruwan Wikki da daddare ma amarci ne, Zanzibar a bar ta sai an yaye ɗan fari.